Tallafin Talakawa: Daga Aljihun Wa?

Tun ran 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, gardama ba ta kwanta ba a ofisoshi da makarantu game da hakkin talaka a kan Gwamnati. Cikin watan Oktoba na shekarar aka yi shelar ba gidaje miliyan 15 Naira 25,000 kowane wata, har wata uku.

Masu suka suna cewa kyautar kuɗi tana kashe zuciya, gara a koya wa mutum sana'a. Masu goyon baya kuwa suka ce mai yunwa ba ya iya riƙe fartanya, balle tsoho da uwar marayu.

Amma tushen maganar shi ne inda kuɗin ke fitowa. Rancen Bankin Duniya ne ya ɗauki shirin, bashi kuwa jama'a ke biyansa. Ma'aikaci ana yanke harajinsa tun albashi bai shiga hannunsa ba, alhali attajirai da yawa ba a san iyakar ribarsu ba. Kukan rashin adalcin haraji ba sabo ba ne. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Balarabe Musa na Kaduna sun soke haraji da jangali, saboda nauyinsu a kan manomi da makiyayi yake.

Dokar haraji ta 2025 ta yafe Naira 800,000 na farko cikin abin da mutum ya samu a shekara. In har hannun mai karɓar haraji bai kai ga manyan 'yan kasuwa ba, akawu da malamin makaranta ne za su ci gaba da ɗaukar kayan.