Bayan jinin haihuwa, gajiyar da ta ƙi tafiya

Shekara takwas ke nan da yayata ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, har sai da aka yi mata ƙari. Ta rayu, alhamdulillahi, amma ba ta koma yadda take ba. Nono bai zo ba, al'ada ta ɗauke, ga gajiya ko shara ba ta iyawa. Tumbi ya yi ta fitowa, damatsa kuwa suna zubewa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce son jiki. Ni kaina na sha ce mata: "Yaya, ki daure mana."

Sai da muka kai ta Yamai aka auna jininta sannan muka gane. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar tsoka kamar ƙwayar wake, likitocinmu na ce mata ipofiz. Takan ƙara girma lokacin goyon ciki, don haka idan jini ya zuba da yawa sai ta rasa abin da zai ciyar da ita, wani sashenta ya mutu. Likitan Ingila Harold Sheehan ne ya bayyana wannan ciwo a 1937. Cikin abubuwan da ake fara rasawa har da sinadarin girma.

To, me babba zai yi da sinadarin girma? Ashe aikinsa bai ƙare da tsawo ba. Shi ke taimaka wa jiki ƙona kitse da riƙe tsoka da ƙarfin ƙashi. In babu shi, kitse ya taru a ciki, mugun maiƙon jini ya hau, wanda ke barazana ga zuciya.

Akwai allurarsa, somatropin, da ake yi ƙarƙashin fata kullum. Tun 1985 ake haɗa ta a masana'anta, Amurka kuma ta amince da ita ga manya a 1996. Tana rage kitsen ciki, ta ƙara tsoka, ta sauke mugun maiƙo. Amma tana iya ɗaga sukarin jini, ta kawo kumburin ƙafa da ciwon gaɓoɓi. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, ana auna jini ana daidaitawa. Ba a ba mai ciwon daji, kuma sai an fara cike giɓin kotizol da sinadarin maƙoshi, don rashin kotizol na iya kisa.

Waɗannan ƙwayoyi biyu yayata ke sha yanzu, ta kuma samu sauƙi ƙwarai. Allurar kam ta fi ƙarfin aljihunmu, ga ta da buƙatar firiji a garin da wuta ke wasan ɓuya.

Roƙona ɗaya ne: macen da ta yi zubar jini a haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ƙi dawowa, a kai ta likita tun da wuri. Kada a ce mata raguwa kamar yadda na yi.