Jigo da Ƙaho: Bayanin Injin Tururi na Farko da Kalmomin Gida

Malaman da ke koyar da kimiyya da Hausa sun daɗe suna kukan ƙarancin kalmomi. A wannan maƙala za a ɗauki na'ura guda, wato injin jan ruwa mai aiki da tururi, a nuna cewa manomin fadamar Argungu da wanzamin Birnin Kebbi sun riga sun riƙe mafi yawan bayaninta.

A ƙarshen ƙarni na 17 ruwa ya addabi mahaƙan kwal da kuza a Ingila, dawakin da ke jan guga kuwa sun gaza. Thomas Savery ya fito da famfon tururi a 1698, amma bai iya ɗebo ruwa daga rami mai zurfi ba. Sai a 1712 Thomas Newcomen ya kafa injinsa kusa da garin Dudley.

Siffar injin nan ta jigo ce, irin wanda masu noman rani ke kafawa a bakin Gulbin Rima: gungumen itace a gicciye bisa madogari, gefe guda na sauka, ɗaya na tashi. A gefen rami an rataya sandar famfo. A ɗaya gefen, inda manomi ke ɗaura curin laka, an rataya fistin a cikin silinda, ƙarƙashinta kuma ga tukunya bisa wuta.

A nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa, kuma laifin na sunan ne. Wanda ya ji "injin tururi" sai ya zaci tururi ke tura fistin. Ba haka ba ne. Nauyin sandar famfo ke ɗaga shi, tururi ya cika silinda, sa'an nan a fesa ruwan sanyi a ciki. Nan take tururin ya koma ɗigon ruwa, cikin silinda ya zama wayam, sai nauyin iskar waje ya danna fistin ƙasa, famfo ya ɗago ruwa. Wannan shi ne sirrin ƙaho: wanzami ya zuƙe iskar ciki, iskar waje ta manne ƙahon a jiki. Injin yakan yi haka kamar sau 12 a minti.

Saboda haka tukunyar farko ba ta bukaci ƙarfi ba. Da tagulla aka yi ta, murfinta na darma, kusan irin ta masu dafa giya. Aibinta cin kwal, domin kowane bugu sai an sanyaya silinda a sake zafafa ta. James Watt ya magance wannan a 1769 da ya keɓe wurin sanyaya tururi dabam. Tukunya mai jure matsi sosai, wadda wuta ke bi ta bututu a cikinta, ta zo ne daga Richard Trevithick wajen 1812. A injinsa tururi ne da kansa ke turi.

Hausawa da yawa a jirgin ƙasa suka fara ganin irin wannan tukunya, bayan dogo ya iso Kano a 1911. Reshensa na yamma ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, bai kai ƙasar Kabi ba, inda jigo ya ci gaba da aiki har famfon fetur ya fara ture shi a shekarun 1980. A ganina kalmar "tukunya" ta wadatar, ba sai an ari wata ba. "Injin tururi" ne ke bukatar gyara: na Newcomen dai "injin nauyin iska" ya fi dacewa da shi.