Ƙoramun Karaye da Rogo: makwancin kifin Challawa

Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙaramar hukumar Karaye, wadda aka kammala a 1992, tana ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ce ke kula da ita. Masunta na samun karfasa da tarwaɗa da ƙurungu a cikinta, sai dai ba duk kifin ne ke hayayyafa a zurfin madatsar ba. Wasu sun dogara ne da ƙoramu da fadamun ƙasar Karaye da Rogo.

Da damina ta kankama, tarwaɗa kan bi ambaliya ta haura ƙorama, ta zuba ƙwai a cikin ciyawar da ruwa ya shanye. A nan 'ya'yan ke samun abinci da mafaka daga manyan kifaye. Gaiwa kuwa, idan fadama ta ƙafe, sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa har ruwa ya dawo. Saboda haka, ko ƙorama ta bushe da rani, gida ce ga kifi.

Abubuwa huɗu ne suka fi ɓata wannan gida. Noma har bakin gaɓa da sare bishiyoyi suna jawo zaizaya, ƙasa ta cike gurbin da ruwa ke kwanciya, ta kuma gangara cikin madatsa. Ɗibar yashi da tifa tana rusa gaɓa. Maganin feshi da takin zamani na gonakin rani suna wankuwa zuwa cikin ruwa. Kamun kifi da guba ko da koma mai ƙananan idanu kuwa yana kwashe uwa da 'ya'ya gaba ɗaya, shi ya sa dokar tarayya ta kamun kifi a koguna da tafkuna, ta 1992, ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Manomi ya bar tazara tsakanin kunyarsa da gaɓa, a dasa gamba ko jema don saiwarsu ta riƙe ƙasa. A daina wanke tankin feshi a ƙorama. A keɓe wa masu yashi wuri nesa da inda kifi ke ƙwai. Sarkin Ruwa da masu unguwanni su hana kamun kifi a farkon damina, kamar yadda ake hana shi a Matan Fada na Argungu sai lokacin biki.

Amfanin bai tsaya a yammacin Kano ba, domin ruwan Challawa ne ke haɗuwa da Kogin Kano ya zama Kogin Haɗejiya, wanda masuntan dausayin Haɗejiya da Nguru ke ci daga gare shi.