3.4 Dalilin Hana Kunna Rediyo da Rikoda a Cikin Jirgin Sama

A wannan sashe an yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa ma'aikatan jirgin sama kan umurci fasinja da ya kashe rediyonsa ko 'yar rikodarsa. Tun daga shekarar 1979, lokacin da kamfanin Sony ya fito da Walkman, sauraron kaset a halin tafiya ya zama ruwan dare a wancan zamanin. A Tudun Wadar Zariya, alal misali, a da maniyyaci ko ɗan kasuwa kan riƙe kaset ɗin karatun Alƙur'ani ko na waƙar Mamman Shata don ɗebe kewa a hanya. Da yawa kan ɗauki umurnin kashewa a matsayin takurawa kawai, alhali yana da tushe a kimiyya.

Abin lura na farko shi ne, sautin da ke fita daga kaset ba ya cutar da jirgi. Matsalar tana ga sashen rediyon da ke haɗe da yawancin waɗannan na'urori. Tashoshin FM suna watsa shirye-shirye a zangon megahaz 88 zuwa 108, yayin da na'urorin nuna wa jirgi hanya da na taimaka masa sauka ke aiki daga 108 zuwa 118. Wato zangunan biyu maƙwabtan juna ne. Bugu da ƙari, rediyo yakan samar da wani ƙaramin sigina na kansa, wanda galibi ya ɗara na tashar da aka kama da megahaz 10.7. Idan fasinja ya kama tasha a kan 98, rediyonsa zai riƙa fitar da sigina a kan 108.7, wanda ya faɗa cikin zangon matuƙi ke nan.

Wannan ne ya sa hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta hana kunna rediyon FM a cikin jirgi a shekarar 1961. A 1993 kuma ta ba da shawarar a riƙa kashe sauran na'urori muddin jirgi bai haura ƙafa 10,000 ba, domin lokacin tashi da sauka ne ƙaramin kuskure ke zama babba. Batun ya fi muhimmanci a arewacin Nijeriya lokacin hunturu, sa'ad da hazo kan rufe filin jirgin Kano ko na Kaduna, matuƙi ya dogara kacokan a kan na'urorinsa. Sauka ta hanyar na'ura na cikin darussan da matuƙa ke koya a Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Da aka inganta kariyar na'urorin jirage, Amurka ta sassauta dokar a watan Oktoba na 2013. A Nijeriya kuwa, a watan Agusta na 2025 hukumar NCAA ta ba da umurnin a riƙa kashe wayoyin hannu gaba ɗaya lokacin tashi da sauka. A taƙaice, haɗarin kaɗan ne, amma da yake rayuka ne a ciki, hukumomi sun fifita rigakafi, kuma fasinja ba ya asarar komai face sauraro na 'yan mintoci.