DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: Ɗan Filashi Na Iya Tayar Da Kwamfutar Da Aka Yi Wa Ritaya

Ran 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina kula da manhajar nan tasa mai suna Windows 10, sai fa ga wanda ya shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Mai karatu zai ce ina ruwan mai sayar da tumatir a Mile 12, ko mai gadi a Ikoyi, ko mai canji a Sabon Ibadan da wannan batu? To, da ruwansa fa, in dai yana da ɗa ko ƙane a gida mai shirin jarrabawar shiga jami'a, ya kuwa taɓa ƙulle kuɗin guminsa ya sayi kwamfuta ta gwanjo ya aika masa.

Dalili shi ne, Windows 11 da ta gaje ta ba ta yarda da kowace kwamfuta. Tana neman ƙwaƙwalwar aiki, watau ram, ta gigabait 4, da rumbun ajiya na gigabait 64, da wani ɗan sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0. Yawancin injunan da aka ƙera kafin 2017 ba su cika sharuɗɗanta ba. Irin waɗannan kuwa su ne da yawa daga cikin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Apapa, a baje su a Computer Village ta Ikeja da kasuwar Alaba, daga nan su hau mota su nufi Arewa.

Garin da ya saba da tsofaffin injuna

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a Kafanchan, hedkwatar ƙaramar hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna. Garin kansa ƙarfe ne ya raya shi, domin tun wajejen 1927 ya zama mahaɗar hanyar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal ke rabuwa, wani ya nufi Kaduna, wani ya hau Jos. Har unguwar Bayan Loco ma daga ma'aikatar kawunan jirgi ta samo sunanta.

A wannan unguwa ce gidauniyar Fantsuam take da mazauninta. An kafa ta a 1996, kuma cikin jagororinta akwai Dokta John Dada da Malama Kazanka Comfort. Ta fara da ba mata ƙananan rance na sana'a, sa'an nan ta shiga koyar da kwamfuta da tsofaffin injunan da aka gyara aka kawo daga ƙasashen Turai. A 2001 cibiyarta ta koyo da ke Bayan Loco ta ci kyautar Hafkin ta nahiyar Afirka a fannin sadarwa. Daga baya ta kafa ZittNet, mai rarraba intanet ba da waya ba a Kafanchan da kewaye.

Abin da aka gani a wannan aiki shi ne, kwamfutar da aka ƙera domin ofis mai sanyi a Ingila tana shan wuya a nan. Ƙurar hunturu tana toshe fankarta, zafin bazara yana dafa ta, wutar lantarki kuma ta zo yanzu ta ɗauke an jima. Abin da ya kan riga mutuwa shi ne rumbun ajiya irin na da, mai faifai yana juyawa a ciki. Wannan ne ya sa gidauniyar ta taɓa haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila kan ƙera wata kwamfuta mai suna Solo, wadda ba ta da sassa masu juyawa, mai cin wuta kaɗan, yadda hasken rana zai ishe ta.

To, yau akwai hanya mai sauƙi ta kauce wa mataccen rumbu da kuma manhaja mai nauyi gaba ɗaya. Ita ce a ɗora uwar manhaja mara nauyi a kan filashi, kwamfutar ta tashi daga kansa.

Mece ce manhaja mara nauyi?

Uwar manhaja ita ce kamar direba a mota: in babu ita, injin sai kallo. Windows ɗaya ce daga cikinsu. Akwai kuma Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Kyauta ake ba da ita, kuma dokar da aka sake ta a kai ta yarda kowa ya kwafa ya ba maƙwabcinsa. Saboda haka babu zancen manhajar sata a nan.

Linux iri-iri ce. Uku daga cikin marasa nauyi sun isa misali. Puppy Linux, wadda Barry Kauler na ƙasar Ostireliya ya fito da ita a 2003, yawancin nau'o'inta ba su kai gigabait 1 ba. In ta tashi ta kan kwashe kanta ta shiga cikin ram, shi ya sa take da sauri ko a tsohon inji. AntiX tana iya tafiya da ram na gigabait 1 ko ƙasa da haka. Lubuntu ta fi su kama da abin da mai Windows ya saba gani, amma ta fi su nauyi, kuma tun bayan 2018 ta daina fitar da nau'in injuna masu bit 32. Wanda injinsa ya tsufa ainun, sai ya nemi nau'in bit 32 na Puppy ko na antiX.

Yadda ake shirya filashin

Kayan aiki ba su da yawa: filashi mai gigabait 8, da aron wata kwamfuta mai lafiya, da data ko shagon intanet.

Da farko a sauko da manhajar daga ainihin shafin masu ita. Fayil guda ne, ƙarshen sunansa ISO. Masu ita su kan buga wata doguwar lamba a gefensa, ana ce da ita SHA256 ko MD5, domin a gwada a tabbata fayil ɗin ya sauko cif. Wannan yana da amfani a inda sabis ke yankewa, domin fayil ɗin da ya gutsure ba zai tashi ba.

Na biyu, kada a ɗauka kwafa fayil ɗin cikin filashi kamar yadda ake tura waƙa ya wadatar. Tilas sai an bi ta wata 'yar manhaja da za ta rubuta shi yadda kwamfuta za ta gane. Wadda ta fi shahara ita ce Rufus, ta Pete Batard, wadda ta fito a 2011. Akwai Ventoy ta 2020, wadda ke ba mutum damar tara manhajoji da yawa a filashi guda, abin da ya fi dacewa da masu gyara.

Na uku, a soka filashin, a buɗe Rufus, a zaɓi filashin, a zaɓi fayil ɗin. Za a ga wurin zaɓi tsakanin MBR da GPT. Tsofaffin injuna MBR suka sani, sababbi kuwa GPT. Amma fa a yi hattara: duk abin da ke cikin filashin zai goge. In akwai hotunan biki ko takardun makaranta, a kwashe su tukuna. A kuma duba sau biyu cewa filashin aka zaɓa, ba wani rumbu da ke jone ba. Sa'an nan a danna, a jira 'yan mintoci.

Na huɗu, a kashe tsohuwar kwamfutar, a soka filashin, a kunna, nan take a riƙa danna maɓallin zaɓen tashi. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9 ko Esc. Jeri zai fito, a zaɓi sunan filashin. In inji ya ƙi, sau da yawa wani tsaro ne mai suna Secure Boot ya hana, sai a shiga saitin inji a kashe shi.

Shi ke nan. Manhajar za ta tashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin rumbun kwamfutar ba, ko da ma babu rumbun sam. Lokacin kashewa na farko, Puppy za ta tambaya ko a buɗe wurin ajiya a kan filashin. A amsa mata, in ba haka ba duk aikin da aka yi zai bi iska.

Abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2025 kuwa waɗanda suka yi rajista sun haura miliyan 2. Yaro daga Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai zauna aji ɗaya da ɗan birni, agogo kuma ba ya jiran kowa. Ko ya san amsa, in hannunsa na rawa yana neman inda harafi yake, lokaci ya tafi. Tsohon inji da filashi sun isa ya koyi buga rubutu, ya karanta littattafan da aka tura masa, ya rubuta takarda, ya shiga intanet ta hanyar jona wayarsa da kebul. Har ma akwai tsarin allon rubutu na Hausa mai ɗ da ƙ da ɓ. Haka nan ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan za su iya buga aikin makaranta a ɗaki, su kai shago a fitar musu kawai.

Amma gaskiya ɗaya ce: manhajojin da aka yi domin Windows ba su tafiya kai tsaye a Linux. Mai shagon buga katin biki da ya dogara da CorelDraw, wannan hanya ba tasa ba ce. Wasu manhajojin gwajin JAMB ma na Windows ne, sai a nemi waɗanda ake yi a shafin intanet. Shafukan zamani kuma suna da cin ram, in aka buɗe da yawa inji zai yi nauyi ko wace manhaja ke kai.

Gargaɗi ga mai saye a kurmi

Araha ba ta ado. Akwai filashin jabu a kasuwa, a rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai rubu'in haka ba. Rufus tana da wurin gwajin lafiyar filashi wanda ke iya tona asirin irin wannan. Filashi kuma yana gajiya da yawan rubutu, yana ɓata, yana faɗawa cikin wanki. Saboda haka a shirya biyu, a riƙa ajiye kwafin takardu masu muhimmanci a wani wuri dabam.

Wanda zai sayi laftof ta gwanjo ya tafi da filashinsa a aljihu, ya roƙi mai shago ya bari a tayar da ita da shi. Nan zai ga ko allo yana da tabo, ko duk haruffa suna aiki, ko sauti na fita, ko batir na riƙe wuta. Batir ya fi kome muhimmanci ga wanda zai kai ta ƙauye. Wanda kuma ya riga ya aika da inji gida aka ce masa ya mutu, kada ya yarda a sayar wa 'yan gwangwan tukuna. Ya sa a kai wa mai gyara a Kafanchan a gwada shi da filashi. In ya tashi, kuɗin sabon inji ya koma kuɗin makaranta.