Tsohon Soja, Amosanin Gaɓɓai da Neman Diyya: Misali Daga Ƙasar Dayi

Gabatarwa

Garin Dayi yana cikin ƙasar Malumfashi, a inda hanyar da ta taso daga Kano ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta fito daga Funtuwa. Ƙasa ce ta noman dawa da masara da auduga, kuma kamar sauran ƙasashen Arewa ta ba da 'ya'yanta ga aikin soja. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala da ke tarar da irin waɗannan mutane bayan sun ajiye kaki sun koma gona, watau ciwon amosanin gaɓɓai, da yadda ake neman diyyarsa, da kuma abin yi idan hukuma ta ƙi.

Yadda Ciwon Yake

A ƙarshen kowane ƙashi, inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai guringuntsi mai santsi wanda ke hana ƙasusuwa gugar juna. Idan wannan guringuntsi ya zaizaye, sai gaɓa ta riƙa ciwo, ta sage da safe, wani lokaci ta kumbura. Ya fi kama gwiwa da ƙugu da yatsu da ƙashin baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi. Abubuwan da ke jawo shi sun haɗa da tsufa, da ƙiba, da tsohon rauni a gaɓa, da yawan ɗaukar kaya masu nauyi. Babu maganin da ke mayar da guringuntsin da ya tafi, sai dai a rage zafi, a ƙarfafa tsoka da motsa jiki, in abin ya tsananta a yi aikin sauya gaɓa.

Soja kuwa ya tara kusan dukkan waɗannan dalilai. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a ƙasar Bama daga 1943 zuwa 1945, inda dubban mutanenmu suka riƙa ɗaukar abinci da harsasai a ka, suna hawa duwatsu suna sauka. A Yaƙin Basasa, daga 1967 zuwa 1970, sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa wajen 250,000. Bayansu ga waɗanda suka je Laberiya tun 1990, da Saliyo, da masu yaƙi a Arewa maso Gabas.

Inda Gizo Ke Saƙa

Raunin harsashi a fili yake, kowa ya san ranar da aka same shi. Amosanin gaɓɓai kuwa sannu yake tafiya. Sojan da ya gurɗe gwiwa a fagen fama yana iya warkewa ya ci gaba da fareti, ciwon bai bayyana ba sai bayan shekara goma ko ashirin. Kafin nan ya daɗe da karɓar takardar sallama, ya koma Dayi yana huɗa da shara, yana ɗaukar buhun masara.

To, a nan gardama ke tasowa. Ƙa'idar diyyar nakasa ita ce a tabbatar aikin soja ne ya haddasa ciwon, ko kuwa shi ya tsananta shi. Ma'aikacin da ke riƙe da fayil yana iya cewa tsufa ne, ko kuwa fartanya ce ta cinye gwiwar. Hoton ƙashi ba ya raba wannan gardama. Tun 1957 likitoci biyu na Ingila, Kellgren da Lawrence, suka tsara ma'aunin da ke kasa lalacewar gaɓa a hoto daga mataki 0 zuwa 4, amma ma'aunin girman ɓarna kaɗai yake nunawa, ba ya faɗin abin da ya yi ta.

Hujjojin da Ake Bukata

Saboda haka mai nema yana bukatar hujja iri uku. Ta farko, takardar likita mai tabbatar da ciwon a yau, tare da hoton ƙashi, daga Babban Asibitin Malumfashi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Asibitin Soja na 44 a Kaduna. Ta biyu, shaidar abin da ya same shi a bakin aiki: katin asibitin bariki, rahoton kwamitin likitocin da ya duba shi kafin sallama, ko rantsuwar abokan bataliyarsa waɗanda suka ga raunin. Ta uku, wadda aka fi mantawa da ita, bayanin likita a rubuce wanda ya danganta ciwon yau da raunin jiya. Alal misali, idan gwiwar da aka ji wa rauni ta fi 'yar'uwarta lalacewa ƙwarai, alhali tare suka yi noman, wannan hujja ce mai ƙarfi.

Hanyar Nema da Ɗaukaka Ƙara

Tushen fanshon soja a ƙasar nan shi ne dokar 1979. An shigar da sojoji cikin tsarin fansho na karo-karo a 2004, aka fitar da su a 2011. Hukumar Fanshon Soja, mai hedkwata a Dutse-Alhaji ta Abuja, ita ke biya, amma tana dogara ne da abin da ke cikin fayil ɗin da rundunar mutum ta aiko mata. Don haka gyara daga fayil yake farawa. Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1964, ita ce ƙofa mafi kusa ga mutumin karkara wajen rubuta koke da bin sawunsa.

Idan aka ƙi, abu na farko shi ne a nemi dalili a rubuce, domin ba a ɗaukaka ƙara a kan maganar baka. Sai a sake rubutawa, a amsa dalilin da aka bayar kai tsaye, a haɗa da sabuwar hujja, a kuma ajiye kwafi. In duk wannan ya faskara, gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron rigingimun fansho, tana kuma zama a Kano da Kaduna. Ya kamata a nemi shawarar lauya da wuri, gama jinkiri yakan kashe ƙara mai gaskiya.

Darasi Daga Waje

A shari'a, mai da'awa shi ke kawo hujja. Amma wasu ƙasashe sun lura cewa takardun soja a hannun gwamnati suke, sai suka sassauta. A tsohon tsarin fanshon yaƙi na Ingila, idan mutum ya nema cikin shekara bakwai da sallamarsa, ma'aikatar tsaro ce za ta tabbatar cewa ciwon bai shafi aiki ba. A Amurka kuwa, idan amosanin gaɓɓai ya bayyana cikin shekara ɗaya da sallama, har ya kai nakasar kashi 10 cikin 100, ana ɗauka daga aikin ya samo asali. Daɗin daɗawa, a 1988 sun kafa kotu ta musamman don ƙarar tsofaffin sojoji.

Kammalawa

Saurayin da ya shiga soja a 1968 yana ɗan shekara 20, yau ya doshi 80. Ba shi da sauran lokacin jiran fayil ɗin da ya ɓata. Ɗalibin da ke da irin wannan uba ko kaka a gida zai yi aikin lada idan ya tattara masa takardunsa, ya ɗauki hotonsu, ya rubuta labarin rauninsa tun yana iya faɗa. Ma'aikacin gwamnati kuma ya sani cewa ɓacewar fayil laifin ofis ne, bai dace a ɗora wa mai fayil ba. Kowace ranar 15 ga Janairu akan yi fareti don tunawa da 'yan mazan jiya. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi, mai wannan doki kuwa ita ce ƙasar da ta ɗaura masa sirdi yana da ƙuruciya.