BABI NA BIYU: MA'ANAR RASHIN AIKIN YI DA HANYOYIN AUNA SHI

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bayyana manufar wannan bincike da farfajiyarsa, wato garin Illela na Jihar Sakkwato. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin fayyace ma'anar rashin aikin yi da hanyoyin da hukumomi suke bi wajen auna shi. Yin haka ya zama wajibi saboda a watan Maris na shekarar 2021 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta ba da sanarwar cewa rashin aikin yi a Nijeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a watanni ukun ƙarshe na 2020. A watan Agusta na 2023 kuma hukumar ta ce kashi 4.1 ne a watanni ukun farko na wannan shekarar. A tsakanin waɗannan sanarwa biyu ba a buɗe masana'antun da za su ɗauki miliyoyin mutane aiki ba. Abin da aka sauya shi ne mudun awon. Don haka duk mai son ya yi magana a kan marasa aiki a Illela, dole ne ya fara sanin da wane mudu aka auna su.

2.1 Rashin Aikin Yi a Wurin Bahaushe

Bahaushe yana bambanta aiki da sana'a. A maganar yau da kullum, idan aka ce wane ya samu aiki, abin da ake nufi galibi shi ne aikin albashi, ko na gwamnati ko na kamfani. Noma da kiwo da ƙira da jima da dillanci da fatauci kuwa sana'o'i ne. Wannan ya sa ana iya tambayar saurayin da ya yini yana hada-hada a kasuwa ko yana da aiki, ya amsa da cewa ba ya da shi, sai dai 'yan buge-buge. Ta ɗaya ɓangaren kuma, wanda ba ya yin komai ana kiransa mai zaman banza ko mai zaman kashe wando, kuma suna ne da ba wanda yake so a liƙa masa. Shi ya sa masu iya magana suke cewa, "Da zaman banza gara aikin kishiya." Ke nan tambaya ɗaya tana iya haifar da amsa biyu masu karo da juna: wani ya ce ba ya da aiki alhali yana da sana'a, wani kuma ya ce yana da sana'a don gudun kunya alhali ya yi makonni bai yi cinikin ko sisi ba.

2.2 Ma'anarsa a Wurin Masana Ƙididdiga

Ma'anar da mafi yawan ƙasashe suke amfani da ita ta fito ne daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka kafa a 1919. A taro na 13 na masana ƙididdigar ƙwadago da aka yi a birnin Jeniba a 1982, an amince cewa ba za a kira mutum marar aiki ba sai ya cika sharuɗɗa uku a lokaci guda:

(i) Ya kasance bai yi wani aiki ba, ko da na awa ɗaya, a cikin lokacin da ake tambaya a kai, wanda galibi mako ɗaya ne.

(ii) Ya kasance a shirye yake ya kama aiki idan ya samu.

(iii) Ya kasance ya ɗauki wani mataki na neman aikin a kwanakin baya, kamar rubuta takardar nema, ko zuwa wurin masu ɗaukar ma'aikata, ko neman jarin da zai fara sana'a.

Bisa ga wannan, an kasa mutanen da suka kai shekarun aiki gida uku. Akwai masu aiki, akwai marasa aiki, akwai kuma waɗanda ba sa cikin lissafi, irin su ɗalibai da tsofaffi da marasa lafiya da wanda ya gaji da nema ya haƙura. A taro na 19 da aka yi a 2013 an ƙara gyara ma'anar, aka taƙaita aiki ga abin da aka yi don lada ko riba. Wanda yake noma musamman don cin gidansa an fitar da shi daga cikin masu aiki, an ba shi rukuni na daban.

2.3 Yadda Ake Yin Lissafin

A da, ɗaya daga cikin hanyoyin sanin yawan marasa aiki ita ce duba rajistar masu neman aiki a ofishin leba. Wannan hanya ba ta kama kowa sai wanda ya san ofishin ya kuma kai kansa. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce ta bin gidaje. Ana zaɓen wasu gidaje a kowace jiha, ma'aikatan ƙididdiga su je su yi wa mazauna gidan tambayoyi a kan abin da suka yi a makon da ya wuce, sa'an nan a yi ƙiyasin sauran jama'a da amsoshinsu.

Bayan an tattara amsoshi, sai a haɗa masu aiki da marasa aiki su zama rukuni ɗaya, wanda a wannan bincike za a riƙa kira rukunin masu aiki da masu nema. Daga nan sai a raba yawan marasa aiki da yawan mutanen wannan rukuni, a ninka da ɗari. Alal misali, a ƙarshen 2020 NBS ta ƙiyasta wannan rukuni a kan mutum miliyan 69.7, marasa aiki kuma miliyan 23.2, abin da ya ba da kashi 33.3 cikin ɗari. Abin lura a nan shi ne, ba da yawan jama'ar ƙasa ake rabawa ba. Saboda haka idan mai neman aiki ya yanke ƙauna ya daina nema, yakan fita daga lissafi, adadin ya sauka, alhali halinsa bai gyaru ba.

2.4 Sauye-sauyen Ma'auni a Nijeriya

Matsalar rashin aikin yi ta fara ɗaukar hankalin gwamnati sosai ne bayan faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980, da kuma shirin tsuke bakin aljihu na 1986, shekarar da aka kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wato NDE. A wancan zamani Ofishin Ƙididdiga na Tarayya ne yake fitar da alƙaluma, kafin NBS ta gaje shi. Daga baya an yi amfani da ma'auni uku kamar haka:

(a) Ma'aunin awa 40: kafin 2014, duk wanda bai yi aikin awa 40 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki. Da wannan ma'auni aka sami kashi 23.9 a 2011.

(b) Ma'aunin awa 20: bayan gyaran 2014, marar aiki shi ne ɗan shekara 15 zuwa 64 da bai yi aiki ba sam ko ya yi ƙasa da awa 20. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39 kuwa an ce yana fama da ƙarancin aiki. Da wannan ne aka sami kashi 33.3 na marasa aiki da kashi 22.8 na masu ƙarancin aiki a ƙarshen 2020.

(c) Ma'aunin awa ɗaya: a 2023 NBS, da haɗin gwiwar Bankin Duniya da ILO, ta koma bin tsarin taron 2013. Duk ɗan shekara 15 zuwa sama da ya yi aikin awa ɗaya don lada ko riba a cikin kwana bakwai ya zama mai aiki. Nan ne adadin ya zama kashi 5.3 a ƙarshen 2022 da kashi 4.1 a farkon 2023.

Ba daidai ba ne a jera waɗannan alƙaluma a ce rashin aiki ya ragu, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Rahoton 2023 ɗin kansa ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin suna ayyukan da ba su da rajista ne, kuma wajen kashi uku cikin huɗu kansu suke yi wa aiki.

2.5 Mutanen Illela a Kan Ma'auni

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce da take arewa da birnin Sakkwato, a kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni na Jihar Tawa. Arzikin garin ya dogara ne a kan noman damina, da noman rani a fadamu irin na Kalmalo, da kasuwar dabbobi da hatsi mai ci ranar Lahadi, da kuma zirga-zirgar kan iyaka. Aikin albashi bai wuce na ƙaramar hukuma da makarantu da asibiti da jami'an kan iyaka ba, in ban da 'yan kaɗan. Za a ɗauki nau'o'in mutane biyar don a ga inda kowane ma'auni yake ajiye su.

Na farko shi ne ɗan dako wanda ba ya samun lodi sai ranar kasuwa. Idan aikinsa na mako bai wuce awa goma ba, marar aiki ne a ma'aunin awa 40 da na awa 20, amma mai aiki ne a ma'aunin awa ɗaya. Mutum ɗaya ne, abin da ya kai gida bai ƙaru ba, sunansa ne kurum ya sauya a takarda.

Na biyu shi ne ɗan kabu-kabu da yake fita tun asuba har dare a kan babur ɗin wani. Wannan mai aiki ne a duk ma'aunai uku, ko da kuwa bayan ya sayi mai ya biya mai babur abin da ya rage bai isa cefane ba. Ma'aunin awoyi ba ya tambayar abin da aka samu.

Ta uku ita ce matar aure da take soya ƙuli-ƙuli ko dama fura a cikin gida, yara su kai talla. A ƙa'ida mai aiki ce, tunda don riba take yi. To amma idan maigida ne ya amsa tambayar a zaure, yana iya cewa ba ta aiki, domin a fahimtarsa aiki na albashi ne, kamar yadda aka nuna a 2.1. Ta haka sai a fitar da ita daga lissafi bisa kuskure.

Na huɗu shi ne manomin da yake noma gero da wake don rumbunsa. A tsarin 2013 ba ya cikin masu aiki ko da yana tsakiyar noma, kuma tunda ba neman aiki yake yi ba, ba ya cikin marasa aiki. Idan rani ya yi ya tafi ci-rani Legas ko Ibadan, ko ya tsallaka Nijar, mai bin gidaje ba zai tarar da shi ba. Wannan ya nuna cewa watan da aka yi tambaya yana da tasiri ga amsa, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa sabon tsarin ya koma tattara bayanai a duk tsawon shekara.

Na biyar shi ne saurayin da ya gama kwaleji ko jami'a, yana zaune gidan mahaifinsa yana aika takardun neman aiki. Shi kaɗai ne daga cikin mutanen nan biyar ya cika sharuɗɗa uku na ILO. Wannan ya yi daidai da abin da rahotannin NBS na sabon tsari suka nuna, cewa rashin aiki ya fi yawa a tsakanin masu ilimi mai zurfi a kan waɗanda ba su yi boko ba. Dalili kuwa a fili yake. A ƙasashe irin su Ingila da Jamus gwamnati tana ba marar aiki kuɗin tallafi, don haka yana iya zama ya nema. A Illela babu wannan, saboda haka sai wanda yake da mai ciyar da shi ne yake iya zaman jiran aiki. Talaka dole ya fita ya yi wani abu, komai ƙanƙantarsa.

2.6 Tasirin Rufe Iyaka ga Lissafi

An rufe iyakar Illela a lokuta da dama. An rufe ta daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986. An sake rufewa a Agustan 2019, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da suke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, sai a ranar 16 ga Disamba 2020 aka buɗe ta tare da iyakokin Seme da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an sake rufewa bisa takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris na 2024.

Rufe iyaka yana shafar direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da dillalan dabbobi da 'yan canjin naira da sefa da masu sayar da abinci a tasha. Amma ma'aunin awa ɗaya da wuya ya nuna wannan asara, domin ɗan canjin da ya yi zaman awa takwas ya yi ciniki ɗaya mai aiki ne, haka ma direban da ya koma sayar da rake. Har wa yau, wanda ya koma fasa-ƙwauri ta ɓarauniyar hanya ba zai faɗa wa baƙo mai riƙe da takarda gaskiyar abin da yake yi ba. Bugu da ƙari, alƙaluman NBS na ƙasa ne da na jihohi, don haka halin da ƙaramar hukuma ɗaya ta shiga yakan nutse a cikin na jiha.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa adadin marasa aiki ya dogara ne ga ma'anar da aka zaɓa. Ma'aunin awa ɗaya yana da amfani wajen kwatanta ƙasa da ƙasa, amma a gari irin Illela ƙanƙantar adadinsa ba ta nufin wadata. Haɗarin da yake cikin wannan shi ne, idan masu tsara manufofi suka dogara da shi kaɗai, za su ɗauka babu matsala a inda matsalar ta fi tsanani. Saboda haka, a babi na gaba ba za a tsaya ga tambayar ko mutum yana da aiki ba. Za a duba awoyin da ya yi a mako, da abin da ya samu, da watannin da yake samun aikin a shekara, da kuma ko yana bukatar ƙari.